Ƙuri'ar Raba-Gardama Kan Rage Wa'adin Majalisar Dokoki: Nazarin Misalin Sulobakiya da Takwarorinta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan ƙuri'ar raba-gardama da ake kaɗawa domin rage wa'adin majalisar dokoki. Ta bambance nau'o'i biyu da aka saba cakuɗawa: ƙuri'ar da ke sauya tsawon wa'adi ga majalisun da za su zo nan gaba, da kuma wadda ke neman katse wa'adin majalisar da ke kan aiki. An ɗauki ƙasar Sulobakiya a matsayin babban misali, domin sau uku ana kiran jama'arta rumfunan zaɓe a kan wannan batu tsakanin 2000 da 2023, kuma duka ukun ƙuri'ar ba ta inganta ba. An kwatanta ta da Turkiyya da Laberiya da Latbiya. Maƙalar ta nuna cewa ƙa'idojin da aka shimfiɗa tun kafin rikici ya taso su ne ke yanke makomar irin wannan ƙuri'a, fiye da yawan fushin da jama'a ke yi da wakilansu.

Fitilun Kalmomi: ƙuri'ar raba-gardama, wa'adin majalisa, kundin tsarin mulki, kiranye, Sulobakiya

1.0 Gabatarwa

Kowace majalisar dokoki da aka zaɓa tana da ranar da wa'adinta zai cika. Wannan rana ita ce ke bambanta wakilci da sarautar gado, domin ɗan majalisa ya san akwai lokacin da zai koma gaban waɗanda suka aike shi ya ba da bahasi. Sai dai akwai tambayoyi biyu da suka daɗe suna ci wa masana kimiyyar siyasa da na shari'a tuwo a ƙwarya. Ta farko ita ce: shekara nawa ya dace wa'adin ya kasance? Ta biyu kuwa: idan jama'a suka gaji da majalisa tun ranar ba ta zo ba, shin suna da ikon sallamar ta?

A yawancin ƙasashe 'yan majalisa ne ke amsa waɗannan tambayoyi da kansu, alhali su ne masu ruwa da tsaki a cikin maganar. Wasu ƙasashe kuma sun miƙa hukuncin ga talakawa ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace yadda irin wannan ƙuri'a take gudana, da dalilin da ya sa take cin nasara a wani wuri, ta kuma ci tura a wani.

2.0 Tushen Jayayya a Kan Tsawon Wa'adi

Tarihin majalisar Birtaniya ya nuna daɗewar wannan jayayya. A 1694 aka kafa dokar da ta ƙayyade wa'adin majalisa zuwa shekara uku. A 1716 majalisar da ke zaune ta mayar da shi shekara bakwai, kuma ta haɗa da kanta cikin masu cin gajiyar ƙarin. A 1838 masu fafutukar 'yancin ma'aikata da aka sani da 'yan Cata suka gabatar da buƙatu shida, ciki har da zaɓen majalisa a kowace shekara. Biyar daga cikin buƙatun sun zama doka daga baya, amma ta zaɓen shekara-shekara ba ta taɓa samun karɓuwa ba. Sai a 1911 aka rage wa'adin zuwa shekara biyar. Duk waɗannan sauye-sauye majalisa ce ta yi su, ba a taɓa kai ko ɗaya gaban jama'a ba.

Masu goyon bayan gajeren wa'adi suna kafa hujja da cewa wakilin da ya san zaɓe na kusa ba ya yin nisa da mutanensa. Masu goyon bayan dogon wa'adi kuma suna cewa akwai ayyukan da ɗacinsu ke riga zaƙinsu zuwa, irin su gyaran haraji da na fansho, kuma majalisar da kullum take cikin yaƙin neman zaɓe ba za ta taɓa su ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, shi ya sa yawancin ƙasashe suka tsaya a kan shekara huɗu ko biyar.

Inda aka tambayi jama'a kai tsaye, sau da yawa sukan ƙi amincewa da ƙarin wa'adi. A Niyu Zilan an nemi mayar da wa'adin majalisa daga shekara uku zuwa huɗu a 1967 da kuma 1990, kuma a duka biyun kimanin kashi 68 zuwa 69 cikin ɗari suka zaɓi a bar shi a shekara uku. A Ostareliya, a 1988, an gabatar da shawarar wa'adin shekara huɗu ga majalisun tarayya biyu, wato ƙari ga majalisar wakilai da ragi ga ta dattawa, amma kashi ɗaya bisa uku kacal suka amince. Ganin haka, mai nazari zai zaci cewa duk ƙuri'ar rage wa'adi za ta wuce cikin sauƙi. Misalan da ke tafe sun nuna cewa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya.

3.0 Nau'i na Farko: Sauya Ƙa'ida Ga Majalisu Masu Zuwa

A ranar 21 ga Oktoba, 2007, al'ummar Turkiyya suka kaɗa ƙuri'a a kan gyaran kundin tsarin mulki. Gyaran ya samo asali ne daga takaddamar da ta taso a farkon shekarar lokacin da majalisa ta kasa zaɓen Abdullah Gul a matsayin shugaban ƙasa. Ƙunshin gyaran ya tanadi cewa jama'a ne za su riƙa zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, sannan wa'adin majalisa ya sauka daga shekara biyar zuwa huɗu. Kimanin kashi 69 cikin ɗari suka amince.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su a nan. Na farko, ragin bai ƙwace wa 'yan majalisa wani abin a zo a gani ba, domin tun daga zaɓen 1983 babu majalisar da ta cika shekara biyar ɗinta. An yi zaɓuɓɓuka a 1987 da 1991 da 1995 da 1999 da 2002 da 2007, kowanne kafin cikar wa'adi. Doka ce kawai ta bi sawun al'ada. Na biyu, an ɗaure batun wa'adi da batun zaɓen shugaban ƙasa a tambaya guda, saboda haka ba za a iya tantance wanne ne ya ja hankalin masu zaɓe ba. Bayan shekara goma, a ƙuri'ar 16 ga Afrilu, 2017, an mayar da wa'adin shekara biyar a cikin wani ƙunshin da ya kafa tsarin shugaba mai cikakken iko, da rinjayen kimanin kashi 51. Al'umma ɗaya ta rage wa'adi, ta kuma ƙara shi, kuma a duka lokutan biyu ba batun wa'adin ne jigon muhawara ba.

A Laberiya labarin ya sha bamban. Kundin tsarin mulkin ƙasar ya ba sanata shekara tara, ɗan majalisar wakilai shekara shida, shugaban ƙasa ma shekara shida. A ranar 8 ga Disamba, 2020, a zamanin Shugaba George Weah, an nemi rage su zuwa bakwai da biyar da biyar. A zahiri wannan buƙata ce da talaka zai yi maraba da ita. Amma 'yan hamayya sun nuna fargabar cewa gyaran zai iya zama dalilin soma lissafin wa'adin shugaban ƙasa daga farko, kamar yadda aka gani a Gini da Kwaddebuwa a wannan shekarar. An kuma samu lalatattun ƙuri'u masu yawan gaske. A ƙarshe babu ko ɗaya daga cikin shawarwarin da ya kai kashi biyu bisa uku da doka ta shardanta. Darasin Laberiya shi ne cewa masu zaɓe suna duba wanda ya kawo shawara kamar yadda suke duba shawarar kanta.

4.0 Nau'i na Biyu: Katse Wa'adin Majalisar da ke Zaune

4.1 Tanadin Doka a Sulobakiya

Majalisar ƙasa ta Sulobakiya tana da kujeru 150 da wa'adin shekara huɗu. Kundin tsarin mulki ya ɗora wa shugaban ƙasa kiran ƙuri'ar raba-gardama idan 'yan ƙasa 350,000 suka sa hannu a takardar koke, ko kuma idan majalisa ta nemi hakan. Kafin ya kira, yana da damar tambayar kotun tsarin mulki ko tambayar da za a yi wa jama'a ta dace da kundin. Sharaɗi mafi nauyi shi ne na fitowa: sakamako ba ya inganta sai fiye da rabin masu rajista sun kaɗa ƙuri'a. Tun bayan samun 'yancin ƙasar a 1993, ƙuri'a ɗaya tak ce ta tsallake wannan sharaɗi, wato ta shiga Tarayyar Turai a watan Mayun 2003, ita ma da ƙyar, da fitowar kimanin kashi 52.

4.2 Ƙuri'un 2000 da 2004

A 2000, jam'iyyar tsohon firaminista Vladimir Meciar, wadda ta koma hamayya bayan zaɓen 1998, ta tara sa hannun da ya tilasta kiran ƙuri'a a kan a yi zaɓe kafin lokaci. Gwamnatin Mikulas Dzurinda ba ta wahalar da kanta wajen neman a ce a'a ba. Magoya bayanta sun yi zamansu a gida, fitowa ta tsaya a kimanin kashi 20, ƙuri'ar ta faɗi. A ranar 3 ga Afrilu, 2004, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago, da goyon bayan jam'iyyar Smer ta Robert Fico, ta sake gwadawa saboda adawa da sauye-sauyen tattalin arziki na gwamnatin Dzurinda ta biyu. Duk da an haɗa ƙuri'ar da zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa a rana guda, fitowa ba ta wuce kimanin kashi 36 ba.

Lissafin da ke bayan wannan ƙauracewa mai sauƙi ne. A ƙaddara akwai masu rajista 100: 45 suna son a rushe majalisa, 30 ba sa so, 25 kuma ba sa fita zaɓe ko da me ake ciki. Idan mutum 30 ɗin nan suka fito suka ce a'a, fitowa ta kai 75, ƙuri'a ta inganta, kuma masu cewa e sun yi rinjaye. Idan kuwa suka zauna a gida, fitowa ta tsaya a 45, ƙuri'a ta lalace. Ke nan sharaɗin da aka gindaya domin ƙarfafa fitowa shi ne ke koya wa wani ɓangare cewa nasararsa tana cikin ƙin fitowa. Hausawa na cewa shiru ma magana ce. A irin wannan tsari, shirun wanda ya ƙaurace da gangan da na wanda bai damu ba da na marar lafiya duk ana lissafa su a gefe guda.

4.3 Hukuncin Kotu na 2021

Bayan zaɓen Fabrairun 2020 da rikice-rikicen da suka dabaibaye gwamnatin haɗaka a lokacin annobar korona, jam'iyyun hamayya sun miƙa wa Shugaba Zuzana Caputova takardar koke mai ɗauke da sa hannun mutum sama da rabin miliyan. Ita kuma ta miƙa tambayar ga kotun tsarin mulki. A ranar 7 ga Yuli, 2021, kotun ta yanke hukuncin cewa ƙuri'ar katse wa'adin majalisar da ke zaune ta saɓa wa kundin tsarin mulki.

Masu koke sun dogara da sashen da ya ce ikon ƙasa daga 'yan ƙasa yake fitowa. A ganinsu, wanda ya ba da amana yana da haƙƙin karɓe ta. Kotun kuwa ta duba lamarin ta wata fuskar. Sakamakon ƙuri'ar raba-gardama yana da ƙarfin doka, ita kuma doka ana so ta zama gama-gari, ta hau kan duk wanda sharuɗɗanta suka cika a kansa. Ƙuri'ar da ta nufi majalisa guda a lokaci guda hukunci ne a kan wasu mutane sanannu, wanda aka yi wa rigar doka. Jama'a, idan suna kaɗa ƙuri'a a ƙarƙashin kundin tsarin mulki, su ma kundin ya ɗaure su kamar yadda ya ɗaure majalisa. Amma kotun ba ta rufe ƙofa ruf ba, domin ta nuna cewa idan aka rubuta wannan hanya a cikin kundin, to za a iya bin ta. Kotun tsarin mulkin Jamhuriyar Cek, maƙwabciyarta, ta yi irin wannan tunani a Satumban 2009, lokacin da ta soke wata doka ta musamman da majalisar wakilan ƙasar ta yi domin gajarta wa'adinta.

4.4 Ƙuri'ar 2023 da Abin da Ya Biyo Baya

'Yan hamayya sun koma sun sake tara sa hannu a 2022, da tambayoyi biyu. Ta farko ta nemi gwamnati ta yi murabus nan take, kotu ta yi watsi da ita. Ta biyu ta nemi a gyara kundin ta yadda za a iya katse wa'adin majalisa ta hanyar ƙuri'ar jama'a ko ƙudurin majalisar kanta. An kaɗa ƙuri'a a kanta ranar 21 ga Janairu, 2023. Sama da kashi 97 na waɗanda suka fito sun amince, amma fitowar ta tsaya a kimanin kashi 27.

Abin mamaki shi ne, zaɓen da aka nema ya tabbata duk da haka. Tun a ranar 15 ga Disamba, 2022, gwamnatin Eduard Heger ta faɗi a ƙuri'ar rashin amincewa. Kwanaki kaɗan bayan ƙuri'ar raba-gardamar, majalisa ta gyara kundin da kanta, ta ba wa kanta ikon rage wa'adinta da amincewar 'yan majalisa 90 daga cikin 150, ba tare da ta ba jama'a irin wannan iko ba. An yi zaɓe ranar 30 ga Satumba, 2023, wata biyar kacal kafin lokacinsa, jam'iyyar Smer ta zo ta ɗaya, Fico ya koma kujerar firaminista. Ƙuri'ar da ta faɗi a wajen doka ta yi wa masu ita amfani a fagen siyasa, domin tara sa hannu da yaƙin neman amincewa sun ba su dandalin tallata kansu na tsawon shekara biyu.

5.0 Misalin Latbiya

Latbiya ta nuna cewa katse wa'adi ta hanyar ƙuri'ar jama'a yana yiwuwa ba tare da an taka doka ba. Sashe na 48 na kundinta, wanda aka rubuta tun 1922, ya ba shugaban ƙasa ikon ba da shawarar rushe majalisa, sannan a kai maganar gaban jama'a. Sashe na 50 kuma ya tanadi cewa idan jama'a suka ƙi, shugaban ne zai sauka. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

A ƙarshen Mayun 2011, Shugaba Valdis Zatlers ya yi amfani da wannan iko bayan majalisa ta ƙi amincewa a binciki gidan wani ɗan majalisa attajiri da ake zargi da almundahana. Majalisar, wadda ita ke zaɓen shugaban ƙasa, ta mayar da martani cikin 'yan kwanaki ta hanyar zaɓen Andris Berzins a maimakonsa. Duk da haka an kaɗa ƙuri'ar ranar 23 ga Yuli, 2011, kuma kimanin kashi 94 suka amince da rushewa. Fitowa ba ta kai kashi 45 ba, adadin da a Sulobakiya zai lalata sakamako, amma wannan sashe bai gindaya sharaɗin fitowa ba. Aka yi sabon zaɓe ranar 17 ga Satumba, majalisar da aka zaɓa a Oktoban 2010 ta watse ba ta cika shekara ba.

Latbiya ta kuma ƙara wata hanya a gyaran 2009, wadda ta ba kashi ɗaya bisa goma na masu zaɓe damar neman kiranye ga majalisa baki ɗaya. An kewaye wannan dama da shinge: ba a amfani da ita a shekarar farko ta majalisa ko ta ƙarshe, kuma ana auna sharaɗin yawan jama'a da adadin waɗanda suka fito a zaɓen da ya gabata, maimakon dukkan masu rajista.

6.0 Tsokaci

Idan aka jera waɗannan misalai, za a ga abubuwa uku da ke tasiri. Na farko shi ne ko kundin tsarin mulki ya tanadi hanyar tun da wuri. A Latbiya ƙa'idar ta girmi rikicin da kusan shekara casa'in, saboda haka babu wanda ya yi jayayya da halaccinta. A Sulobakiya an so a ƙirƙiro ta ne ana tsakiyar faɗa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu shi ne yadda aka tsara sharaɗin fitowa. Sharaɗin rabin masu rajista yana mayar da ƙauracewa makami, alhali sharaɗin da aka ɗora a kan yawan masu cewa e yana tilasta wa kowane ɓangare ya fito ya kare matsayinsa. Na uku shi ne ko mai neman rushewa yana da abin da zai rasa. Jam'iyyar da ta faɗi zaɓe, idan neman sabon zaɓe bai ci mata komai ba face takarda da tawada, za ta riƙa nema a kai a kai, kuma wa'adin shekara huɗu zai zama suna kawai.

Nijeriya ba ta da tanadin rushe majalisa baki ɗaya ta hanyar ƙuri'ar jama'a, amma sashe na 69 na kundin 1999 ya tanadi kiranye ga ɗan majalisar tarayya guda. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, kafin a kai ga ƙuri'a. A yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye a 2018, sa hannun da aka iya tantancewa bai wuce kimanin kashi 5 na masu rajista ba. Wannan ma ya nuna cewa auna buƙatar jama'a da jimillar masu rajista yana sa haƙƙi ya kasance a rubuce amma ya gagari aiwatarwa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa rage wa'adin majalisu masu zuwa gyaran ƙa'ida ne, wanda makomarsa ta dogara da abin da aka haɗa shi da shi da kuma amincin wanda ya kawo shi. Katse wa'adin majalisar da ke zaune kuwa hukunci ne a kan wakilan da jama'a suka riga suka zaɓa, saboda haka yana buƙatar tushe a cikin kundin tsarin mulki. Ƙasar da ke son ba talakawanta wannan iko, ya kamata ta rubuta shi a lokacin zaman lafiya, ta fayyace wanda zai iya nema, da lokacin da za a iya nema, da adadin da zai wadatar. Akwai buƙatar ƙarin bincike a kan yadda waɗannan ƙa'idoji za su yi aiki a ƙasashen da rajistar masu zaɓe ke ɗauke da sunayen matattu da na waɗanda suka yi ƙaura, domin a can sharaɗin rabin masu rajista yana ƙara nauyi fiye da yadda marubuta kundin suka nufa.